Modem Ɗin Mahfuza

Salmanu ya ɗora kwalin modem ɗin a tafin hannu yana auna nauyinsa, kamar yadda yake yi wa takalma a kasuwar Naif. Kwalin sai sheƙi yake.

"Wannan zan ɗauka. Da gani ka san mai kyau ne."

Imoro, mutumin Kumasi da ke tsaron wannan shagon kwamfuta a unguwar Al Sabkha, ya yi murmushi. "Alhaji, a Dubai kowane modem jarumi ne. Layin wayar gidanka fa, yaya yake?"

Salmanu ya saci kallon Aminullahi, abokin fataucinsa, wanda ke jingine da kanta. Bara ma da ido Salmanu ya zaɓi modem. 'Yarsa Mahfuza, mai karatu a jami'a, ta rubuta masa irin wanda take so da Turanci, amma ya ji nauyin miƙa takardar a gaban 'yan Kano, kada a gane karatunsa bai kai nan ba. Da abin ya yi ta yankewa, sai ya yi mata faɗa a gaban ƙannenta, wai ita ce ba ta iya ba. Tun ranar dai ba ta ƙara kawo masa labarin makaranta ba.

"Layin yana ɗan ƙara," in ji shi.

"Yalla, maza ba ni lambar, in ji da kunnena."

Imoro ya buga Kano. Ana ɗauka ya janye wayar daga kunnensa. "Kai! Ƙosai ake soyawa a ciki?" Ya gaisa da Mahfuza, ya yi ta sauraro yana gyaɗa kai. Sannan ya durƙusa ƙasan kanta ya jawo wani akwati ruwan toka, ya hure masa ƙura.

"Wannan a wajen kwamfuta ake jona shi, yana da ƙwaƙwalwarsa. Layi ya yi ƙara, sai ya rage gudu, ba ya yankewa. Khalas, shi ke nan. Ta ce ai shi ta rubuta maka bara."

Aminullahi ya kwashe da dariya. "Wannan bulon? To takardar ina ka kai ta, mutumina?"

Salmanu ya karɓi wayar, ya juya musu baya, ya rufe baki da hannu.

"Mahfuza, na bara ɗin nan… ba laifinki ba ne. Ni ne ban nuna takardar ba."

Layin ya yi ta ƙara.

"Baba? Wallahi ban ji ba. Ka ɗan ɗaga murya."

Shagon ya yi tsit. Wasu 'yan Kano biyu sun shigo, suna jiran su gaishe shi.

Salmanu ya sauke hannunsa daga baki, ya gyara murya, ya sake faɗa tun daga farko.