Na'ura Ba Ta San Malam Arzika Ba

"Sake ɗorawa, Baba. Danna da ƙarfi."

Malam Arzika ya goge babban yatsansa a jikin riga, ya sake ɗora shi a kan ɗan gilashin na'urar. Ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Karo na shida ke nan. Saurayin da ke bayan teburin ya ja tsaki, ya gyara katin da ke rataye a wuyansa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Bashiru na tsaye a bayan Malam, riƙe da ledar takardunsa. Shi ba malami ba ne, bakaniken babura ne a bakin titi a Tsafe, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Malam Arzika. Bai buɗe rumfarsa yau ba, domin Inna Hanatu, matar Malam, ta leƙo da sassafe ta ce masa, "Bashiru, don Allah raka shi Gusau. Kwana huɗu yana kwance da jiri, amma sun ce duk wanda bai kai kansa tantancewa ba, malamin bogi ne."

Tun ƙarfe bakwai suke cikin harabar ofishin, su da malamai kusan ɗari uku, a tsakiyar zafin bazara. Babu benci, babu randa. Rumfa ɗaya ce a wurin, ita ma motocin 'yan kwamiti aka jera a ƙarƙashinta. Bashiru ya daɗe yana kallon motocin nan suna shan inuwa, tsofaffin malamai kuwa sun ɗora fayil a kai suna kare rana. Ya tofar da yawu.

"Na'ura ba ta san ka ba, Baba," in ji saurayin.

Malam Arzika ya yi murmushi, ya buɗe tafin hannunsa. "Ɗana, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, da damina kuma fartanya. Zanen yatsan ne ya cinye."

"Ni ba ruwana da alli. Na gaba!"

Bashiru ya matso ya dafa teburin. "Kai samari, ga mutum gabanka da ransa da numfashinsa. Mi kake so ya kawo, kansa a faranti?"

"Kai kuma waye?"

"Maƙwabcinsa."

"To maƙwabci ba ya cikin tsarin. Ya je inda aka fara ɗaukarsa aiki ya kawo asalin fayil ɗinsa kafin Juma'a."

A Rawayya Malam ya fara koyarwa, saboda haka fayil ɗin yana wani ofishi a Bungudu. Suna fita daga harabar suka ci karo da cincirindon masu ɗaukar hoto sun kewaye wani mutum mai ƙatuwar riga, turarensa ya riga shi isowa. Alhaji Yazid ne, shugaban kwamitin. "Za mu share harkar ilimi tas," yake cewa, yana kaɗa hannu mai zobe. "Ɗan talaka da ɗan mai kuɗi, daidai wa daida." Sai da aka ture Malam Arzika gefe don kada ya shiga hoton.

Sun isa Bungudu bayan azahar, cikin wata motar haya da ta cika har bakin ƙofa. Ofishin a garƙame. Maigadi, yana kwance kan tabarma, ya ce mai riƙe da makullin ɗakin fayil ya tafi Gusau ɗauko yaransa daga makaranta, kuma in ya tafi ba ya dawowa sai gobe.

"Wace makaranta?" in ji Bashiru.

"Ta kuɗi mana. Kai ma ka sani."

Malam Arzika ya yi wata 'yar dariya da ta zame masa tari. Ya lallaba ya zauna a gindin darbejiya, ya jingina kansa. Leɓɓansa sun bushe, jijiyar gefen goshinsa sai harbawa take. Bashiru ya sayo masa ruwan leda biyu, ya tsuguna a gabansa.

Gaskiyar magana, Bashiru ya daɗe da raina wannan aiki na Malam, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Sau ɗaya ya je makarantar, wata firamare a ƙauyen da ke bayan 'Yankuzo, ranar da babur ɗin Malam ya mutu a can. Abin da ya gani ya ishe shi. Ɗakuna biyu, ɗaya iska ta yaye rufinsa tun damina biyu da suka wuce. Yara fiye da ɗari da arba'in a ƙasa, wasu kan buhu, wasu kan dutse. A takarda malamai bakwai ne. A fili kuwa Malam ne kaɗai, yana shiga wannan ɗaki ya ba su karatu, ya fita da gudu zuwa wancan. Sauran shida duk masu uwa a gindin murhu ne, sun ce hanya ba lafiya, sun tare a birni, sunayensu na can ƙauye suna aiki.

"Ka ga Kamilu ɗazu?" Bashiru ya ce. "Wanda sunansa ke makarantarku, mai shagon waya a Gusau? Tun ƙarfe tara na'ura ta gaishe shi. Yatsansa sumul kamar na jariri, mi zai hana ta san shi?"

"Bar shi da Allah."

"Kullum bar shi da Allah. Malam, aikin baban giwa kake yi. Waɗanda suka aike ka ko sun san kana raye? Ɗiyansu na can cikin aji mai fanka, kai kana nan kana gasa kanka don ɗiyan da ba wanda ya ƙirga su cikin mutane."

Malam ya buɗe ido. "Ni na ƙirga su. Goma sha tara ne za su rubuta jarrabawar shiga sakandare bana. Bakwai mata. Uku daga ruga suke tahowa, sai sun tatsi nono kafin su kamo hanya. Akwai wata Aishatu cikinsu, in ka ba ta lissafi kafin ka juya ta gama. Takardunsu na nan ban gama cikewa ba, Litinin ake rufe karɓa."

"To in ka faɗi fa?"

"Sai a ɗauke ni."

Bashiru ya miƙe yana karkaɗe wando. Haushi yake ji ko tausayi, shi kansa bai rarrabe ba.

Washegari da safe, kafin Malam ya fito, Bashiru ya shiga zauren gidan inda babur yake, ya kwance fulogi ya jefa a aljihu. Yana zaune a ƙofar gidansa yana shan koko ya ji Malam na ta buga babur, babur ya ƙi tashi. Can sai ga shi ya fito, jakarsa a kafaɗa.

"Bashiru, mayar mini da abina."

"Wane abu?"

"Shekara nawa kana gyara min babur ɗin nan? Na san ciwonsa, na san hannunka."

"Ba ni mayarwa, Malam. Ka koma ka kwanta. Makarantar da gwamnati ta manta da ita ba ta rushewa don kwana ɗaya."

Malam ya dube shi, bai yi fushi ba. "Allah ya yi maka albarka," ya ce, ya juya ya nufi tasha a ƙafa, yana tafiya yana dafa katanga. Bashiru ya bi shi da ido har ya sha kwana, yana faɗi a ransa cewa taurin kai irin wannan ba shi da magani.

Ana kiran azahar aka kawo shi a bayan a-kori-kura, kwance tsakanin buhunan gero, wasu dattawan ƙauyen biyu na riƙe da shi. Yana tsakiyar karatu ya zube. Bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki. A asibiti aka ce hawan jini ne, wahala da rana suka ƙara masa. Bashiru ya tsaya a bakin gado, fulogin nan na aljihunsa yana tokarinsa a cinya.

Kwana biyu Malam bai yi maganar da ake ganewa ba. Ranar Juma'a da hantsi ya yafito Bashiru da hannun hagu. Bashiru ya kai kunne kusa da bakinsa.

"Takardun... yara."

"Na ji, Malam."

"Litinin."

"Awo, na ji. Ni zan kai da hannuna."

Inna Hanatu na zaune a ƙasa tana yi masa fifita da murfin kwano. Ana fitowa daga masallaci ta ga fifitar ba ta da sauran amfani. Ta ajiye murfin a hankali, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ja mayafi ta rufe masa fuska.

Bashiru bai taɓa ganin jana'iza irin wannan a unguwarsu ba. Mutanen ƙauye suka zo a kan babura, uku-uku. Fulani suka zo da sandunansu, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Daga ofis kuwa ko kare bai leƙo ba. Da yammacin ranar ne ma jerin sunaye ya fito a waya, na malaman da kwamiti ya ce bai same su ba. Na goma sha huɗu, Arzika. Wani tsohon ɗalibinsa ya haɗa jerin da hoton masu sallar gawa ya watsa, kafin gari ya waye magana ta cika gari.

Shi ya sa ranar sadakar uku motoci biyar suka toshe lungun. Aka sauke kujerun roba, aka ɗaure wani ƙaton ƙyalle a jikin katangar Malam. Hoton Alhaji Yazid ya cinye fiye da rabinsa, yana murmushi. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: Muna alhinin rashin gwarzon malami, Malam Garzika.

Alhaji Yazid bai zauna a tabarma ba. Ya jira masu hoto suka gyara tsayuwa, sannan ya ciro hankici.

"Marigayi ubana ne," ya ce, murya na rawa. "Shi ya koya mini baƙi da wasali. Kullum ina tambayar lafiyarsa."

A gefensa Kamilu mai shagon waya ne, sanye da farin yadi sabo, yana sharar hawaye a matsayin abokin aikin marigayi. Bashiru ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ihu bayan hari, kuma ihun ma na haya. Ya tuna hannun da ya ture Malam gefe don kada ya ɓata hoto. Ya miƙe tsaye, da man inji a faratansa.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni."

Liman ya yi masa alama da ido ya zauna. Bai zauna ba.

"Tun da ubanka ne, a wace makaranta ya koyar da kai?"

Alhaji Yazid ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi ƙasa.

"To bar wannan. Gobe Litinin. Wa zai shiga ajin nan? Ɗiya ɗari da arba'in na can."

"Za a duba," in ji Alhaji Yazid, yana naɗe hankici. "Za mu kafa ƙaramin kwamiti."

"Ga Kamilu nan, ai na'ura ta san shi. Ko ba ka san hanya ba, Kamilu? In zo in kai ka, kyauta."

Wani Bafulatani dattijo ya tuntsire da dariya, ya rufe baki da rawani. Liman ya yi sauri ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Kafin a gama amin an fara loda kujeru. Motocin suka fita da baya-baya saboda ƙuncin lungun, ta ƙarshe ta taka kwatami ta watsa wa ta gabanta. Ƙyallen kuwa ba wanda ya tuna da shi.

Ranar Litinin Bashiru ya mayar da fulogi, ya hau babur ɗin Malam ya tafi ƙauyen. Shi da mai unguwa da wani ɗalibin sakandare da ya iya rubutu suka cike abin da ya rage a takardun, iyaye suka dangwala yatsa. Ya kai su inda ake karɓa saura rabin awa a rufe. Matar da ta karɓa ta tambaye shi ko shi ne sabon malamin. Ya ce mata a'a, shi mai gyaran babura ne, sabon malami yana cikin kwamiti.

Fayil ɗin Bungudu bai sake bi ta kansa ba. Makarantar kuma, har aka yi sadakar bakwai, ba wanda aka turo.

Wata ranar Laraba ya dawo gida cin abincin rana, ya tarar matarsa Jamila ta kwance ƙyallen daga katanga ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ta baza barkono a kai yana shan rana. Jan barkonon ya rufe fuskar gaba ɗaya, hula kawai ta rage a waje. Bashiru ya zauna a bakin ƙofar ɗaki da kwanonsa, bai buɗe ba. Daga bayan katanga yana jin Inna Hanatu na shara, tsintsiya na tafiya a hankali, ta tsaya, ta ci gaba. Wata kaza ta zo ta taka gefen ƙyallen, ta karkata kai ta dubi barkonon, ta wuce abinta.