Kujerar Hashimu a Jirgin Nutso

Hashimu yana da ofishin shirya tafiye-tafiye a unguwar Kudai da ke Makka, kuma mutum ne mai cika baki. Da wani kamfani ya kawo ƙaramin jirgi mai nutsewa da 'yan yawon buɗe ido zuwa ƙasan Bahar Maliya, sai suka ba shi kujera kyauta don ya riƙa turo musu mutane. Babu wanda bai sha labarin ba a unguwarsu Hindawiyya.

Da ya je ya ga jirgin da idonsa, sai jikinsa ya yi sanyi. Abu ne kamar tankin ruwa, ba wurin miƙe ƙafa, kuma daga waje ake ɗaure ƙofar. Ya tambayi matuƙin yadda ake ceto idan ya maƙale. Mutumin ya ce jirgin da zai iya ɗago shi yana wata ƙasa, amma ai bai taɓa maƙalewa ba.

Hashimu ya dawo Makka ya yi gum. Fasawa abin kunya ne bayan duk wannan kuri, don haka ya kira Marwan, ɗan yayarsa Maryama, mai gyaran lif na hawa bene a otal-otal, ya ce ya je a madadinsa, wai shi likita ya hana shi saboda hawan jini.

"Kawu, ni ko iyo ban iya ba," in ji Marwan.

"Wa ya ce iyo za ka yi? Zama za ka yi ka kalli kifi. Ko tsoro kake ji?"

Marwan ya tafi.

Bayan azahar aka bugo waya cewa jirgin ya daina amsawa. Hashimu ya garzaya gidan Maryama, ya tarar da mata sun cika falo. Ita ce ma ta riƙe hannunsa tana lallashinsa.

"Allah ne ya tsare ka, ƙanena. Da ciwon nan naka, da ba ka kai yanzu ba."

Ta sa aka dafa masa abinci dabam, ba gishiri. Ya ci loma biyu ya ture kwanon.

Washegari Raihana, matar Marwan, ta tambaya me ya hana a tura masu ninƙaya. Hashimu ya ce zurfin ya fi ƙarfin mutum, kuma na ciki ba sa iya buɗe ƙofar, sai an jira jirgin ceto ya iso, iskarsu kuwa tana raguwa.

Raihana ta dube shi ta ce:

"Kawu, ashe ka san duk wannan tun kafin ya tafi?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon darduma. Raihana ba ta gaya wa surukarta ba.

An ɗago su da rai, a galabaice saboda sanyi da ƙarancin iska. Marwan ya warke, amma tun daga lokacin ba ya iya shiga lif, ko ƙofar ɗaki ba ya yarda a rufe masa. Aikinsa ya tafi ke nan.

Hashimu ya ɗauke shi aiki a ofis, ya ajiye masa tebur a bakin ƙofa. 'Yan unguwa suka yi ta yaba masa, ana cewa ga kawu na gari. Duk wanda ya faɗa masa haka a masallaci, sai ya yi saurin neman takalminsa.

Marwan yana gaishe shi kullum da ladabi. Idan an kawo abincin rana, yakan ɗauki nasa ya fita waje ya ci a tsaye.