Hannun Baba Sannu

Duk kamfanin babu wanda bai san Baba Sannu ba. Tsohon kyaftin ne, a ɗakin tuƙin jirgin sama kansa ya yi fari fat, kuma an laƙaba masa sunan ne don ko ruwa zai sha sai ka ce shawara yake yi da kofin. Shi ya koya wa Auta aiki tun ba ta san yadda ake riƙe sitiyari ba. Yanzu ta zama mataimakiyar matuƙi, tana zama a kujerar damansa. Yana ce mata 'yata, ita kuwa ko da wasa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Abin ya faro ne da kamfani ya sayo sababbin jirage. Masu ƙerawa suka ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, sabon da tsohon duk tuƙi ɗaya ne, ba sai an ɓata kuɗi an mayar da matuƙa makaranta ba. Manya suka ji zance ya zo musu daidai, aka tura wa kowa darasi a kwamfutar hannu. Baba a falon gidansa ya yi nasa, jikoki na hawa kansa suna sauka. Shi ke nan wai an ƙware. Kai, jama'a!

Ga jadawalin aiki kuma kamar mahaukaci ne ya tsara shi: da safe tsohon jirgi, da rana sabo, gobe a juya. Albashi kuwa gwargwadon daɗewarka a sama, in ka ce ka gaji aljihunka ne zai ji a jikinsa. Kullum hirar ɗakin hutun matuƙa ke nan. Rannan wani ya ce ya ji ana shirin ƙero jirgin da mutum ɗaya zai riƙa tuƙawa, sai Baba ya ce, "To in sun cire ɗaya, wa zai taɓa ni in na yi gyangyaɗi?" Aka bushe da dariya. Ta Auta ba ta kai ciki ba, don ta ga yadda idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

Ranar da abin ya faru, tun asuba suke kai da komo a tsohon jirgi. Da yamma aka ba su sabo, cike maƙil da fasinjoji, har da jariri da suke jin kukansa kafin a rufe ƙofa. Tafiya ta yi lafiya lau sai da suka zo sauka. Ruwa ake tsugawa, gilashi ya yi dishi-dishi, Baba ne ke riƙe da jirgin. Sun sauko ƙasa sosai, har Auta na hango fitilun titin jirgi, sai mai hasumiyar kula da jirage ya yi magana da sauri a rediyo: wani jirgi bai gama fita daga titin ba, su fasa sauka, su koma sama.

Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Akwai maɓalli a jikin sandunan ba injin wuta, kana dannawa injina su ɗauki ƙara da kansu, kai kuma ka ɗaga hancin jirgi. A tsohon jirgi maɓallin yana ƙarƙashin babban yatsa. A sabon an mayar da shi gaba, aka sa wani a gurbinsa, wanda aikinsa shi ne ya kashe na'urar da ke ba injin wuta da kanta, sai dai a tura sandunan da hannu.

Sabo turken wawa. Babban yatsan Baba ya tafi inda ya saba zuwa tun Auta ba ta shiga firamare ba. Ya danna, ya ja sitiyari, hancin jirgi ya ɗaga sama.

Injina ba su ce uffan ba.

Auta na kallo. Ta ga yatsan da idonta, ta ga abin da ya danna. Ta dubi ma'aunin gudu, yana zurarewa ƙasa kamar ruwa a kwando. Ta buɗe baki, kuma ku ji abin da ya fito: "Baba, ko za a duba wutar?" A hankali ta faɗa, da ladabi, kamar mai tambayar ko a kawo masa abinci. Rai sama da ɗari a bayanta, ita kuwa tana jin nauyin tsoho!

Bai ji ta ba. Idonsa na kan gilashi, yana ƙara jan sitiyari, yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Ƙararrawa ta fara ihu. Sitiyarin da ke gabanta ya soma rawa, alamar jirgi ya kusa daina tashi ya rikito. Ta gefen taga ta hango rufin gidaje, jiƙaƙƙu, kusa ƙwarai, har da wata mata da ke gudu da kwanon wanki a ka. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta tabbata yau kwanansu ya ƙare.

"Na karɓa! Saki!"

Ba ta san tana da wannan muryar ba. Ta doke hannun Baba daga kan sandunan, ta tura su gaba iya ƙarfinta, ta danna hancin jirgi ƙasa alhali ƙasar ce take tsoro. Injina suka yi jinkiri kamar ba za su amsa ba. Tana salati a bayyane, tana jin kukan fasinjoji ta bayan ƙofa. Can suka ɗauki ruri, kujera ta tokare mata baya, rufin gidajen ya fara nisa.

Ita ta zagayo da jirgin ta sauke shi. Baba ya yi duk abin da mataimaki ke yi, ya amsa rediyo, ya sauke tayoyi, amma bai dube ta ba ko sau ɗaya.

Bayan fasinjoji sun fita, suka zauna a kujerunsu, ruwa na dukan rufi. Baba ya ɗora hannunsa a kan cinyarsa, ya zuba masa ido.

"Baba, ka yafe ni, na buge ka."

"Da ba ki buge ni ba, da yanzu ana tsince mu a kwano." Ya sunkuyar da kai. "'Yata, na sani. Wallahi na san inda suka mayar da shi, ko yanzu ki tambaye ni in nuna miki. Kaina ya sani, hannun ne bai sani ba."

"To ka ce musu su cire ka daga sabon, ko su kai ka horo na gaske."

"In faɗa wa wa? Su ce tsufa ya kama ni, su sallame ni ana saura ƙiris in yi ritaya? Ga 'ya'yana biyu, ƙannenki, na jami'a." Ya juyo ya dube ta, ta ga tsoro a fuskar mutumin da ba ta taɓa gani ya firgita ba. "Gobe zan kula. Ki rufa min asiri."

Ta ɗauki jakarta ta sauka. Ta nufi ofishin shugaban matuƙa kai tsaye, zuciyarta na cewa cin amanar uba za ki yi, tana kuma cewa in kika yi shiru jinin mutane a wuyanki. Ta isa ta tarar da ƙofa a kulle. Ashe shi ma shugaban an tura shi tuƙi saboda ƙarancin ma'aikata, sai jibi zai dawo. Ta kira wayarsa, a kashe.

Mai tsara jadawali kaɗai ta samu a ofishin gefe, waya a kowane kunne, yana cin biskit.

"Yaya, gobe wane jirgi aka ba Baba Sannu?"

Ya leƙa kwamfuta. "Sabo, tun safe har yamma."

"Don Allah a canja shi. Ba shi da lafiya."

"Shi ya faɗa? In bai faɗa da bakinsa ba, ni ba ruwana. Kuma in na cire shi wa zan sa, kakata?"

"Wa zai zauna kusa da shi?"

"Yaron nan da aka ɗauka watan jiya. Mai ladabi, ko ido ba ya iya haɗawa da manya."

Auta ta dubi jadawalin. Gobe ce ranar hutunta, wadda ta daɗe tana jira, ga shi ko yanzu idanunta rufewa suke yi da kansu. Ta tuna rawar sitiyarin nan. Duk duniya babu inda take tsoro kamar wannan kujera.

"Cire yaron," ta ce. "Sa ni."

Mai jadawali ya washe baki, ya ajiye waya ɗaya. "Allah ya yi miki albarka, ƙanwata! Dama ina neman wanda zan tura wani jirgin, sai in tura yaron. Ki je ki ɗan runtsa, mota za ta zo ɗaukarki kafin gari ya waye."