Katin Dakta Hilmi

Tun bayan rasuwar Dakta Hilmi, babbar kwamfutar ɗakin gwajin jininsa da ke Mansura ta koyi wani hali: ana tsaka da aiki sai ta ƙame, sakamakon marasa lafiya ya maƙale a cikinta. Ma'aikata suka ce baƙin ciki ne. Injiniya Safwat, wanda aka kira ya duba ta, ya daɗe da sanin ƙarfe ba ya makoki. Mutane ma ba su cika daɗewa suna yi ba.

Ya sauya wayoyi, ya gwada ma'adanar bayanai, duk lafiya lau. Sai da ya buɗe cikinta ya ga abin. Katin sadarwa biyu ne: wanda na'urar ta zo da shi, da wani kore da aka cusa daga baya. Su biyun hanya ɗaya suke nema zuwa ƙwaƙwalwarta, kamar direbobi biyu a lungu ɗaya, kowa ya ƙi ja da baya. Da aiki ya yi yawa, sai komai ya tsaya cak.

Madam Nagwa, matar marigayin, tana tsaye a kan Safwat cikin baƙaƙen kaya, riƙe da shayin da ta kawo masa. Ta gaya masa Dakta ne da kansa ya saka koren, daga kasuwar Juma'a ya sayo shi, yana cewa biyu ta fi ɗaya sauri. Shi ne aikinsa na ƙarshe kafin a kwantar da shi asibiti. Ta ce in dai shi za a cire, gara a koma rubutu da hannu. Safwat kuwa ya riga ya ji cewa likitoci sun fara tura marasa lafiyarsu wani wuri.

"Dakta bai taɓa kuskure a aiki ba, Injiniya," ta ce.

"Allah ya jiƙansa, Madam. Matattu ai ba sa kuskure, mu suka bar wa."

Ya juya sukudireba a hannunsa. Gaskiyar gajeriya ce: Dakta ya san jini, amma kwamfuta bai san ta ba. Da numfashi ɗaya zai faɗe ta, ɗakin gwaji ya tsira, ita kuma ta koma gida da miji mai kuskure.

Ya ajiye sukudireban. Ya shiga saitin na'urar ya kashe katin asali, ya mayar da waya kan koren, ya ɗora masa manhajar da ta dace. Koren bai kai wancan sauri ba, amma shi kaɗai ya san haka. Ya jibga wa na'urar aikin yini guda a lokaci ɗaya. Ba ta ƙame ba.

Ta tambaye shi mene ne ya lalace.

"Tsohon katin ne ke tare wa na Dakta hanya."

Ta daɗe tana kallon 'yar fitilar da ke ƙiftawa a bayan na'urar.

"Haka aka yi ta yi masa har ya mutu," ta ce. "Sha shayinka, ya huce."