Dubiyar Alhaji Zaharaddeen

A taƙaice, abin da ya auku shi ne: wani magini mai suna Attahiru, mutumin Wanke, ya faɗo daga hawa na biyu na wani bene da ake ginawa a Gusau, ƙashin cinyarsa ya karye. Ɗan kwangilar ginin, Alhaji Zaharaddeen, ya nuna masa jinƙai irin wanda ba a saba gani a wurin 'yan kwangila ba, kuma jinƙan nan ne ya kusa raba Attahiru da haƙƙinsa na diyya.

Katakon da magina ke takawa ne ya karye da shi. Ya sha gaya wa shugaban leburori cewa gara ta cinye katakon, ana amsa masa da cewa Allah ne mai tsarewa. Da ya faɗo, Alhaji da kansa ya sa aka kwantar da shi a motarsa mai sanyi, wadda ba a yarda lebura ko ya jingina da ita ba. Ga asibiti a cikin gari, amma motar ta ɗauki hanyar Bungudu, ba ta tsaya ba sai ƙofar wani mai ɗori a Rawayya.

"Likita yanke ƙafa zai yi," in ji Alhaji. "Wanga bawan Allah kuwa gadon ɗori ya yi."

A ranar, godiya kawai Attahiru ya yi. Sai da aka mayar da shi gida, ƙafa ɗaure cikin kara da tsumma, sannan ya sami sararin yin tunani, domin mai kwance ba shi da wani aikin.

Alhaji ya shiga zuwa dubiya a kai a kai, kuma bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Shugaban leburori na tsaye a bakin ƙofa, waya a ɗage.

"Malam Attahiru, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji."

To me zai ce? A ƙasar nan ko mai gargara aka tambaya, haka zai amsa.

"Alhamdulillahi. Ai ƙaddara ce, ko?"

"Ƙaddara ce."

Da zarar ya faɗi haka, wayar ta koma aljihu, dubiya ta ƙare.

Matarsa Luba ce ta fara furta abin da ke ransa. "Malam, mutumin da bai taɓa sanin hanyar gidanmu ba, mi ya gani yanzu? Kuma mi ya sa wancan dogon ke nuna maka waya kamar mai ɗaukar hoton biki?"

Attahiru ya aika a tambayo Umaru, leburan da ke miƙa masa kwanon siminti lokacin da abin ya faru. Aka ce an mayar da shi wani aiki a Tsafe. Ya tambayi inda katakon yake. Aka ce an ba mai sayar da abinci ta hura wuta. Dama can ita ake bai wa karyayyun katakai, amma sai an kammala gini. Wannan kuwa kafin la'asar ɗin ranar ya zama toka.

Ƙafa ta ci gaba da kumburi. Yayan Luba, Idris, ya ɗauke shi a asirce zuwa asibiti a Gusau. Hoton ƙashi ya nuna ɗorin ya kama a karkace, sai an yi tiyata. Daga nan suka wuce ofishin wata lauya mai suna Marta, wadda ta saurare su ba tare da ta nuna mamaki ko kaɗan ba.

"Hanya biyu doka ta ba ka," in ji ta. "Ko ka nemi diyyar rauni a wurin aiki, ko ka yi ƙarar sakaci. Kowacce tana son rahoton likita da shaida, kuma wanda ya wuce asibiti da kai ya san haka. Amsa gaisuwa ba ta kashe ƙara. Amma in ka ce ka yafe a gaban dattawan garinku, ni zan iya tsayawa a kotu, kai ne ba za ka iya fita masallaci ba."

Ranar Juma'a Alhaji ya iso da liman, da mai unguwa, da buhun shinkafa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi addu'a mai tsawo. Wayar ta ɗagu.

"Malam Attahiru," in ji Alhaji cikin ladabi, "ga iyayenmu. Tun da jiki ya yi sauƙi, ina so ka yafe mini duniya da lahira, zumunci ya ɗore."

Liman ya gyaɗa kai. Attahiru ya dubi ƙafarsa. Tun da aka haife shi bai taɓa musa wa babba a gaban manya ba, har ya ji bakinsa na neman amsawa da kansa.

"Jiki ba sauƙi, Alhaji," ya ce. "Katakon ruɓaɓɓe ne, kuma na faɗa tun kafin ya karye. Ban yafe ba."

Shugaban leburori, wanda ba a umarce shi da ya daina ba, ya ci gaba da ɗaukar bidiyo, sai da Alhaji ya buge masa hannu. Buhun shinkafa ya koma bayan mota.

Da takardar lauya ta isa, kuma aka samo Umaru a Tsafe ya yarda zai yi magana, Alhaji ya gano cewa shi mutum ne mai son sulhu. Ya biya kuɗin tiyata da diyya a ofishin Marta, bai ko tambayi yaya jiki ba.

Abin da lamarin ya ci wa Attahiru shi ne: ƙafar hagu da ta gajarce har abada, damina guda da ba a nome gonarsa ba, bijimin huɗa da aka sayar don zirga-zirgar asibiti, gaisuwar mai unguwa wadda ta koma ɗaga hannu daga nesa, da kuma sana'ar gini, domin babu ɗan kwangilar da ya sake kiran sa aiki daga Gusau har Tsafe.