A Ƙasar Wa Aka Haife Ki?

Laifin Baba ne, ko da yake har gobe ba zan iya faɗa masa ba. Na tura masa sanarwar taron ne don ya ji daɗi kawai, ya ga sunan 'yarsa Ramlat a takardar wata jami'a a Manchester. Shi kuwa da zumuɗinsa ya jefa ta cikin zauren WhatsApp na garinmu Rafin Kuka, inda kowa yake ciki: limamai, fastoci, 'yan kasuwa, da samarin da ba su da aiki sai jiran abin faɗa.

Makon sulhu ne jami'ar ta shirya, kan al'ummomin da Turawan mulkin mallaka suka tarar a ƙasashensu, da yarjejeniyoyin da aka ƙulla aka karya. Sun nemi ɗalibai daga Afirka, malamina a Birmingham ya ba da sunana. Na taso daga unguwar Selly Oak ta Birmingham da sassafe, ina ta bitar ɗan jawabina kan koyar da yara da harshen uwa. Jawabi ne lafiyayye, ko sauro ba zai ji haushinsa ba.

Da na shiga zauren sai na ga an jera kujeru a da'ira, kyamara a tsakiya. A kujerar kusa da tawa ga Manasseh, ɗan garinmu, ma'aikacin jinya a nan Manchester. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da shagon Baba. A Rafin Kuka mutanensu suna cewa ƙasar tasu ce tun fil'azal, mu baƙi ne. Namu suna cewa wanda kakansa ya kafa kasuwar gari ba baƙo ba ne. A kan wannan magana aka ƙona rabin garin ina 'yar firamare, kuma zaman lafiyar da ake yi yanzu na kowa ya kama bakinsa ne.

"Yaya Manasseh, ina wuni? Kai ma sun kamo ka?"

"Lafiya lau, ƙanwata. Kin san live ne ko? Babanki ya sa link a group, wayata tun safe take ƙara."

Mai jagorar taron Bethany ce, wata dattijuwa daga cikin mutanen asali na Kanada, mai sanyin murya. Ta ce a wurinsu ba a fara magana sai mutum ya ambaci masu ƙasar da yake tsaye a kai, don girmamawa. Saboda haka kowa zai faɗi sunansa, sannan ya faɗi a ƙasar wa aka haife shi. Turawa suka gyaɗa kai, abin ya burge su. 

Makirufo ya fara zagayawa. Wani ɗan Ostareliya ya faɗi nasa har da ƙwalla, aka tafa masa. Haushi ya kama ni, ba na matar ba, don da zuciya ɗaya ta zo da al'adarta. Haushin masu shirin nake ji, da suka ga 'yan gari ɗaya a takarda suka ce madalla, a haɗa su kujera. Na dubi ƙofa, tana bayan kyamara. In na tashi, duk Rafin Kuka za su ga na gudu.

"Yayana yana kallo," in ji Manasseh ƙasa-ƙasa. "Shi ne youth leader yanzu, shugaban samarinmu. In ban faɗa ba, Mama ba za ta iya zuwa coci ba. Ki yafe ni."

Ya karɓi makirufo, ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan ƙabilarsa, ya ce a ƙasar kakanninsa aka haife shi. Aka tafa. Ya miƙo mini bai dube ni ba.

Tsoro nake ji. Baba kaɗai nake gani, zaune a bakin shagonsa da waya a hannu, maƙwabta sun kewaye shi. In na ce ƙasar tamu ce, mutanen su Manasseh ne za su fito. In na ce tasu ce, namu ne za su zo masa. Sai na zaɓi gaskiyar da na sani, na raba ta biyu daidai.

"Sunana Ramlat. An haife ni a ƙasar da kakannin Manasseh suka karɓi kakana. A cikinta aka binne shi, don haka ba ni da wata ƙasa sai ita."

Bethany ta dafa ƙirji. Wata farfesa ta ce wannan shi ne sulhu. Jawabina na harshen uwa ban ma san yadda na karanta shi ba.

A hanyar komawa Birmingham, kafin jirgin ƙasa ya kai garin Stoke, an yanka bidiyon gida biyu. Samarin namu suna yawo da rabin farko: 'yar Alhaji Sanda ta je Ingila ta sallama gari. Samarin su Manasseh suna yawo da rabin ƙarshe: ta ce ba inda za su, ƙasar tasu ce. Na kira Baba ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba. Sai da muka kusa tashar New Street ta Birmingham ya kira da kansa.

"Uwata, ya hanya? Ya sanyi?"

"Baba, ina kake? Me ke faruwa?"

"Ba komai. Na dai sa Innarki da ƙannenki a mota, za su kwana biyu a Bauci wurin gwaggonki."

"Kai fa? Baba, don Allah ka bi su."

"In na rufe shago za a ce da gaske ne." Na ji ana buga ƙofar ƙarfe a bayansa, har aka gaji aka daina. Sannan ya ce, "Amma Turancinki ya fita, Uwata. Kowa ya ji ki."