Rufin da Bai Sha Ruwa Ba

Ɓallin kankaren ya faɗo daidai inda 'Yar'azumi ta ɗauke jaririyarta yanzun nan. Tim! Ya tarwatse a kan tabarma.

"Innalillahi!" Ta rungume Shamsiyya, ta ɗaga kai.

Rufin ajin duk ya yi zane-zanen ja. Inda ya ɓalle, ga rodi nan a fili, ya kumbura da tsatsa. Mata suka yi ta salati, amma ba wadda ta fita. A je ina? Tun da hantsi jinga ta karye, kogin Haɗeja ya shigo gari, gidajen ƙasa suna zubewa. Duk shekarar ambaliya nan ake gudowa, makarantar firamare, don ita kaɗai ce ginin siminti a kan tudu.

Ta saɓa goyo ta fita baranda. Sunusi, ƙanin mijinta, yana jera buhunan gero. Shi ne maginin da ya zuba rufin.

"Sunusi! Zo ka ga aikin hannunka."

"Matar Yaya, yau ma faɗa? Ki bari mu tsira da hatsi."

"Hatsi? Saura ƙiris rufinka ya fasa kan jaririyata!"

Ya leƙa, ya dawo yana sosa ƙeya. "Simintin yanzu ne. Da haɗin garin dutse yake zuwa. Ba shi da laifi, amma ruwa yake so sosai bayan an zuba. In bai sha ba, sai ya bushe da ƙofofi, iska ta riƙa shiga a hankali har ta kai ga rodi."

"Ni za ka gaya wa? Ba mu ne masu ɗebo ruwan ba?"

Ba ta manta ba. Da rani aka yi ginin, rana kamar wuta. Ita da matan unguwa aka ɗauka ban-ruwan rufi, suna jido daga kogi da daro. Washegarin zuba kankaren ɗan kwangila ya iso cikin mota, ya ce ya isa haka, manya za su zo buɗewa, a cire katako a yi fenti. Ta ce masa kankaren ko huce zafi bai yi ba. Ya yi dariya ya ce ta je ta shayar da albasarta.

"Kogi yana kwance a gindinku," ta ce, "kuka hana gini ruwa. Kai kuma ka sani, ka ɗauki buroshi."

"In na ƙi, wani zai kira daga Malam Madori. Ni ma 'ya'yana suna ciki, matar Yaya."

"To wallahi ban yafe ba. Ɗan kwangilar da masu yanka kirtani da masu tafi, mu haɗu gaban Allah."

* * *

Ta ce ba za ta koma ciki ba. Ta shimfiɗa buhu a filin makaranta, ta zauna da 'yarta. Bayan la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ruwan ƙasa kuma ya hauro har ya taɓa buhun. Shamsiyya ta fara tari, jikinta ya yi zafi rau.

"Ki shigo da yarinyar nan!" Suwaiba maƙwabciyarta ta ƙwala mata kira daga taga. "Sanyi zai kashe miki ita!"

'Yar'azumi ta dubi ruwan, ta dubi ginin. Fentinsa na waje har yanzu shar yake. Ta tashi.

A ciki ta zaɓi kusurwar da jan zanen bai yi yawa ba. Ta kwantar da jaririyar tsakanin buhu biyu, ta ɗauko daronta na ƙarfe, wanda ta yi jidon ruwa da shi, ta kife a kan buhunan ya yi mata rumfa. Ba ta yarda ta bar ta ta fita alwala ba, sai ta yi taimama a jikin bango, ta tayar da salla.

Tana cikin ruku'u, burbushin siminti yana sauka a kan daron. Kas. Kas.